Rabin Allon da Ruwa Ya Wanke

A rajistar cocin Ellerby, shafi na casa'in da ɗaya, an rubuta cewa an binne Eben Garrod ranar tara ga Agusta, 1868, yana da shekara sittin da huɗu ko kusa da haka. A gurbin sana'a an sa "mai fenti". Ba ƙarya aka yi ba, amma kamar ka kira maƙerin zinariya mai gyaran garwa ne.

A Landan aka haife shi. Shekara bakwai ya yi yana koyon aiki a wurin wani mai zana tambarin manyan gidaje a ƙofofin keken doki, kuma a can ya haddace ƙa'idodin sana'ar kamar yadda ake haddace addu'a. Garkuwa ita ce uwar tambari. Fari da rawaya ƙarfe ne, azurfa da zinariya, sauran kuwa launi, kuma ba a ɗora launi a kan launi, ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe. In mai tambari ya auri 'yar masu tambari, sai a raba garkuwa biyu, rabi na miji, rabi na uban matar. Eben yakan ce tambari wasiƙa ce da aka rubuta wa wanda bai iya karatu ba, saboda haka mai zana shi ba shi da ikon ƙara ko ɗigo.

A 1832 matarsa ta kwanta ciwo, ya ɗauki ganyen zinariya na ubangidansa ya sayar. Aka yanke masa rataya, daga baya aka sassauta zuwa kora ta har abada, aka zuba shi a jirgi zuwa tsibirin nan na Van Diemen. Matar ta rasu kafin jirgin ya iso. Ya bar 'ya ɗaya a hannun 'yar'uwarsa, sunanta Keziah, tana da shekara uku.

Shekara goma ya yi a hannun iyayengiji uku, ba a taɓa rubuta masa laifi ko ɗaya ba. A 1842 aka ba shi takardar talala, wadda ke ba fursuna damar cin gashin kansa muddin bai fita daga gunduma ba. Ya kama wata rumfa a bayan maƙera yana rubuta allunan shaguna, yana sa lamba a buhunan ulu. Lokaci lokaci wani mai tumaki da ya yi arziki yakan tuna cewa kakanninsa manya ne, ya zo a zana masa tambari a keken doki. A ranakun nan ne kaɗai ake jin Eben yana fito.

Kyaftin Rufus Lathom yana cikin waɗannan. Tsohon soja ne, mai tumaki dubu tara, kuma majistaren gunduma. Da ya zo, jan zaki ya ce yana so a kan shuɗiyar garkuwa.

"Ranka ya daɗe, ja ba ya hawa kan shuɗi," in ji Eben. "Launi ne a kan launi."

"Wa ya hana?"

"Ƙa'ida ce, yallaɓai."

"A gundumar nan ni ne ƙa'ida. Ja nake so."

Eben ya yi masa jan zaki. Sai dai ya zagaye zakin da wani siririn farin layi, kaurinsa bai fi zare ba, ta yadda jan bai taɓa shuɗin ba. Kyaftin bai lura ba, ya ma yaba. Halin Eben ke nan duk rayuwarsa: ba ya cewa a'a, amma yakan bar wa gaskiya 'yar kafa ta shan iska.

Ɗaya rabin garkuwar na matar Kyaftin ne, Uwargida Honora. Koren fili ne da fararen tsuntsaye uku masu kama da tsattsewa, ba su da ƙafafu. Ita da kanta ta zo rumfar duba aikin, doguwar mace marar yawan magana, ta tsaya tana kallon tsuntsayen.

"Ka manta ƙafafunsu, Garrod."

"Ban manta ba, uwargida. Haka ake yin su. Alamar ƙaramin ɗa ce, wanda ba zai gaji ƙasa ba. Ba shi da inda zai sauka, to me zai yi da ƙafa?"

Ta yi 'yar dariya. "Ashe duk tsibirin nan tambarinmu ɗaya."

Ba ta sake zuwa ba. Amma da ta ji yana da 'ya a Ingila, sai ta aiko masa da takarda da alƙalami, ta kuma sa wasiƙarsa cikin nata. Ta haka Keziah ta san ubanta yana da rai. A shekaru huɗu da suka biyo baya Honora ta haifi 'ya'ya uku, duka aka binne su kafin su yi wata guda. Sunayensu na rajistar coci, shafi na talatin da huɗu da na talatin da takwas. Bayan na ukun sai aka fara ganin ta a makiyaya da tsakar rana, ba hula, tana leƙa gindin itatuwan turare tana kiran sunaye.

A watan Oktoba na 1846 wasiƙa ta zo wa Eben daga Port Phillip, hayin teku. Keziah ta shigo jirgin 'yan ci-rani, ta sami aikin gida a wurin wani mai sayar da yadi. "Baba, ban san fuskarka ba," ta rubuta, "amma an ce hancina naka ne, to zan gane ka da shi. Zan jira." Tsakaninsu tafiyar kwana uku ce a jirgi. Amma mai takardar talala ba ya taka jirgi sai da takardar afuwa, ita kuma ba ta fitowa sai majistaren gunduma ya sa hannu. Eben ya shigar da roƙonsa. Kyaftin ya ce zai duba, in komai ya tafi daidai takarda za ta fito a Fabrairu.

Ranar Litinin bakwai ga Disamba, ana tsakiyar askin tumaki, Kyaftin ya tsaya a ƙofar rumfar da baƙin ƙyalle a damtse.

"Ka ji labari, Garrod?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya ba da haƙuri."

Labarin da ya zaga gari shi ne an kai uwargida birni ganin likita, zazzaɓi ya kama ta a can, aka binne ta a can saboda zafi.

"Allon makoki nake so. Irin na gida, yadda ake yi wa mutanen kirki. Ka iya?"

"Na yi fiye da arba'in a Landan, yallaɓai."

"Kwana goma. Za a rataye shi a saman ƙofata." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Takardarka tana kan teburina. Ban manta ba."

A lokacin allon makoki biyu ne kacal a duk gundumar, amma ba wanda bai san karatunsa ba, don yawancinmu mun taso muna ganin su a ƙauyukanmu na can gida. Allo ne mai kusurwa huɗu da ake ratayewa a karkace, tsini ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Garkuwa a tsakiya. Filin da ke bayan garkuwar shi ne ke ba da labari: ɓangaren wanda ya mutu baƙi, ɓangaren wanda ke raye fari. Yakan yi shekara a saman ƙofar gida, sannan a mai da shi coci. Makiyayin da bai san bihim ba, in ya ɗaga kai, ya san wa aka rasa a gidan.

Eben ya sa kafinta ya haɗa allon, ƙafa huɗu kowane gefe. Ya shafe shi duka da farin fenti na mai, shafi biyu, ya jingine shi ya bushe. A rana ta uku yana zana zakin sai ga Dinny Mulqueen, mai tuƙa keken dokin Kyaftin, ɗan Ailan, wanda jirgi ɗaya ya kawo su. Ya shigo da burodin toka da tsokar rago a ƙunshe, ya zauna a kan garwa.

"Sarkin zane, kana nan kana yi wa kyanwar maigida kwalliya?"

"Zaki ne, jahili."

"Zakin da ya sha tsami. Zo ka ci, ka rame kamar buroshinka."

Suka ci. Dinny, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a coci, ya tsura wa allon ido.

"Wane gefe ne zai zama baƙi?"

"Gefen tsuntsaye."

"Hm." Ya goge wuƙarsa a wando. "Eben, in mutum ya gaya maka magana, cikinka na riƙewa, ko irin na agwagwa ne?"

"Shekara goma sha huɗu ka san ni."

"Shi ya sa nake tambaya." Ya leƙa waje, ya dawo. "Ni na kai ta. Ba gidan likita muka je ba. Gidan mahaukata muka je, na can kudu, bakin kogi. Da ƙafarta ta shiga. A bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, 'Dinny, ka shayar da dawakin, sun gaji.' Mahaukaciya ce wannan? To, wataƙila. Amma gawa ba ta damuwa da doki."

Eben ya ajiye burodin.

"Da wane suna aka rubuta ta?"

"Wa ya sani? Ba nata ba dai. Kuma ka san 'yar mai injin niƙa ta Ashgrove? Tun Satumba nake kai furanni da wasiƙun maigida gidansu." Ya miƙe. "Ban ce komai ba, ka ji? Ni ma talala gare ni, kuma bayana ya riga ya san bulala, ba ya son sabunta zumunci. Ka shafa baƙinka, ka karɓi takardarka, ka tafi wurin 'yarka mai mummunan hanci. Wanda ya ce ka gyara duniya, ka ce ya ba ka tsani."

Kwana biyu Eben bai taɓa gefen tsuntsaye ba. Ya gama zaki da farin layinsa. Ya yi kan mala'ika a saman garkuwa maimakon kwalkwali, yadda ake yi wa mace. A ƙasa ya rubuta kalmar Latin da aka saba, mai nufin "zan tashi". Ya yi tsuntsayen uku, ya ɓata yini guda a kansu, har gashin fiffike ana ƙirgawa. Abin da ya rage shi ne rabin fili, aikin da ko mai shafa bango zai gama kafin shayi ya huce.

Bai taɓa tunanin zuwa wurin Rabaran Ottley, limamin cocinmu, ba. Rabaran a teburin Kyaftin yake cin abincin Lahadi, kuma maganar fursuna a kan majistare kamar tofa yawu ne sama. Bai kuma yi tunanin ƙin aikin ba, don wasiƙar Keziah tana aljihun rigarsa, har ninkinta ya fara yagewa. Amma duk lokacin da ya ɗauki buroshi sai ya ga kamar shebur ya ɗauka. Kabarin da Kyaftin ya ce yana birni, ba wanda zai je dubawa. Allon nan shi ne kabarin da gari zai gani, kuma shi Eben ne zai haƙa.

Sai dabara ta zo masa, irin wadda mai sana'a kaɗai za ta zo wa. Baƙin allo da kunkunniyar fitila ake yi. In ka kwaɓa ta da mai, ta zauna ke nan, ta ga jikokinka. In ka kwaɓa ta da ruwan gam na fata, kamar yadda ake yi wa labulen 'yan wasan kwaikwayo, a ido ba bambanci, amma ruwan sama na kirki guda ɗaya zai tafi da ita. Ya zauna ya yi lissafi. Disamba, Janairu da Fabrairu a Ellerby rani ne, ciyawa takan ƙone har ta yi fari, a shekaru huɗun da ya yi a garin bai ga ruwan da ya wuce yayyafi ba kafin Afrilu. Takarda za ta fito a Fabrairu. Kafin ruwan kaka ya sauka yana hayin teku, inda hannun Kyaftin ba ya kaiwa. Sannan sama ta faɗi abin da shi ya kasa faɗa. Zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga 'yarsa, ga hannunsa bai yi ƙarya ta dindindin ba.

Ya dafa gam, ya kwaɓa, ya shafa. Baƙin ya fito sumul kamar karammiski. Ranar sha bakwai ga Disamba aka rataye allon a saman ƙofar Kyaftin, wadda ke kallon babbar hanya. Masu wucewa suka riƙa cire hula. Kyaftin ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallo.

"Hannunka na da kyau, Garrod. Asara ce mu rasa ka."

Wata guda cif sama ba ta ce komai ba. Eben yakan fito da safe ya duba yamma, ya koma. Ya rubuta wa Keziah cewa ta sa ido daga ƙarshen Fabrairu. Ya sayi sabuwar hula.

Ranar Lahadi sha bakwai ga Janairu, 1847, ana cikin wa'azi, iska ta juya. Kafin a yi addu'ar rufewa rufin coci ya fara amsawa. Tsofaffin gari sun ce ba su taɓa ganin irin wannan ruwa a rani ba, kogi ya haura gada kafin la'asar. Da aka fito, masu komawa unguwar arewa, mutum talatin ko fiye, suka ruga suka fake a ƙarƙashin rumfar ƙofar shiga gidan Kyaftin, don ita ce mafaka ta farko a hanyar. Eben yana cikinsu. Bai yi niyyar zuwa ba, ƙafafunsa ne suka kai shi.

Daga nan suna kallon allon sosai. Da farko wani siririn baƙin ruwa ne ya fara ɗiga daga tsinin ƙasa, yana bin farin dutsen bango. Sai ya zama igiya. Sai baƙin ya fara zamewa daga sama kamar ana tuɓe riga, farin da ke ƙasa yana fitowa, mai tsabta, mai sheƙi. Zaki bai motsa ba, tsuntsaye ba su motsa ba, don su da mai aka yi su. Cikin abin da bai fi rabin sa'a ba allon ya tsaya fari gefe da gefe, yana gaya wa duk mai ido cewa a gidan nan miji da mata duka suna raye.

Sai wata tsohuwa mai wanki, Gwaggo Tabitha, wadda ta wanke zanen haihuwar Honora sau uku, ta ce a hankali, "Ikon Allah. Allon ya ƙi."

"Rufe mana baki, tsohuwa," in ji mahaucin gari. "Ɗanki a gonar wa yake aiki?"

Ta rufe. Mutane suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Waɗanda suka san wani abu, da waɗanda suka yi zato, da waɗanda a lokacin ne zaton ya zo musu, duk kallon takalma suka yi. Keken Kyaftin ya iso, Dinny a sama ya jiƙe sharkaf, Rabaran Ottley a ciki. Rabaran ya leƙo ya ga allon, ya ga jama'a.

"Aikin ganganci," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Abin da ake samu ke nan in an ba fursuna aikin mutanen kirki."

Jama'a suka yi ajiyar zuciya, kamar an sauke musu kaya. Aikin ganganci. Kafin ruwa ya ɗauke har an fara yi wa Eben ba'a.

Kyaftin ya dube shi kawai a ranar, kuma Eben ya gane cewa mutumin ya karanta allon daidai.

Da yake ƙarar ta Kyaftin ce, majistaren gundumar maƙwabta ne ya zauna, ranar Laraba. Takardar shari'ar tana nan, shafi ɗaya ce da rabi. An tuhumi Eben da sakaci da aiki da kuma tozarta gidan mamaciya. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ɗakin cike yake, Kyaftin yana zaune a gefe, Dinny yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hula. A nan ne kaɗai a rayuwarsa Eben ya sami wurin da in ya yi magana dole a ji. Ya taɓa aljihunsa, inda wasiƙar take. Har a lokacin yana ganin kamar in ya durƙusa sosai takardar za ta tsira.

"Mai ne ya ƙare mini, ranka ya daɗe," in ji shi. "Na yi zaton gam zai riƙe. Kuskure ne. Ina neman gafara."

Haka aka rubuta, kalma da kalma. Aka yanke masa bulala hamsin, aka soke takardar talala, aka ba shi shekara uku a aikin hanya da mari a ƙafa. Roƙonsa na afuwa an dawo da shi da layi biyu na sokewa a kai. Allon kuwa, wani bawan gida ya hau tsani ya shafe gefen tsuntsaye da kwalta, har ya taɓa fiffiken ɗaya. A watan Nuwamba Kyaftin ya auri 'yar mai injin niƙa. Shekara biyu bayan haka ya sayar da tumaki da ƙasa suka koma Ingila, aka kawo allon coci bisa al'ada, aka rataye shi a bangon arewa.

Shekara ukun Eben sun zama biyar, saboda sau ɗaya ya gudu ya nufi bakin teku, aka kamo shi a kwana na shida. A wurin fasa dutse guduma ta murƙushe masa yatsu uku na hannun dama. Keziah ta rubuto sau biyu a 1847, wasiƙun suka kwana a ofishin gunduma har ya fito. Ta farko tana tambaya ko jirgin ne ya yi latti. Ta biyu gajera ce: mai yadin zai tashi, ba ta san inda za su ba, in Baba ya canza ra'ayi ba komai, ta saba.

Afuwa ta fito a 1856. Ya ƙetare a jirgi na farko. Amma a lokacin an gano zinariya a hayin, garin da ya sani a wasiƙa ya zama tekun mutane, titin mai yadin ma an canza masa suna. Wata goma sha ɗaya ya yi yana bin coci coci, sansani sansani, yana kallon hancin matan mutane har aka taɓa marin sa. Ya dawo Ellerby, don nan ne kaɗai adireshin da ta sani. Sabon limami ya ba shi sharar coci da ɗaki a bayan makabarta.

Kowace Asabar yana share ƙarƙashin allon. Da rani kwaltar takan tsattsage, farin yana leƙowa ta tsagar. Bai taɓa shi ba. Shi da Dinny sun daina magana shekara da shekaru, ba don faɗa ba, sai don kowa ya san abin da ɗan'uwansa bai faɗa ba.

A watan Maris na 1861 Dinny, wanda ya koma jigilar itace zuwa kudu, ya same shi a bakin coci.

"Sarkin zane."

"Jahili. Ashe kana da rai."

"Ni dai ina da shi." Ya murza hularsa. "Uwargida ce babu. Ranar Talata. Wata mai aiki a gidan mahaukatan ta gaya mini. Shekara goma sha huɗu da 'yan watanni, Eben. An ce har ƙarshe tana gaya musu sunanta, suna cewa to, to, uwargida, sha maganinki."

Washegari Eben ya roƙi limami izinin sauke allon don gyara. Limamin baƙo ne, bai san komai ba, ya ce ai ya kamata, kwaltar ta yi muni. Mako biyu ya yi yana kankare ta da wuƙa a hannun hagu, kaɗan kaɗan, har farin da ya shafa a 1846 ya fito duka. Ya gyara fiffiken da aka ɓata. Sannan ya jingina allon a bakin ƙofar coci ranar Lahadi, fari gefe da gefe, ya zauna kusa da shi. Tsofaffin da suka fake a rumfar ƙofar Kyaftin ranar ruwan nan, waɗanda suka rage, suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Mahauci ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya shige.

Ranar Litinin ya kwaɓa kunkunniya da mai. Shafi uku ya yi, yana barin kowanne ya bushe. Shi ne baƙin da ke bangon arewa har yau, bai tsage ko ɗaya ba.

Da ya rasu, an rubuta kayan ɗakinsa kamar yadda doka ta ce: gado ɗaya, bargo biyu, tukunya, buroshi shida, hula da ba a taɓa sawa ba, wasiƙu uku. Sai wani ƙaramin allon makoki, girman tafin hannu biyu, da ya yi wa Keziah. Gidansu ba su da tambari, saboda haka farar tsuntsuwa ɗaya ya sa a tsakiya, marar ƙafa. Filin bayanta katako ne tsirara. Kusa da allon an sami kasko biyu, ɗaya da farin fenti, ɗaya da baƙi, duka sun bushe ba a tsoma buroshi a ciki ba.